Rediyo Ba Ta Da Suruki

Ƙofar Marusa, Katsina
Yuni, 1999

Zuwa ga Yaya Fatsuma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Abban yara, da yaran, da aikin asibiti. Yaya ruwan Funtuwa? Mu nan an yi shuka, gari ya yi sanyi. Surukaina, Inna da Baba, suna gaishe ki.

Yaya, ki zauna kafin ki karanta sauran. An kira ni intabiyu a gidan rediyo!

Kin san tun da sojoji suka koma bariki kowa ya samu bakin magana. Wanda ɗan'uwansa ya ci kansila sai ya kai sanarwar taya murna. Teloli na taya murna, mahauta na taya murna, har masu gyaran keke. Sanarwa ta yi wa masu karantawa yawa, shi ne aka ce ana neman sababbin muryoyi, har da mata. Ni ban ma ji ba. Ƙanenki, wato maigidana, ne ya ji, ya karɓi takardar sakandarena ya kai, a hanyarsa ta zuwa makarantar da yake koyarwa a Batagarawa. Wai ya gaji da dawowa ya iske na tara matan unguwa a tsakar gida ina karanta masu littafi, suna sharar hawaye kan mutanen da ba a taɓa haihuwa ba. Ya ce muryar da ta hana Indo maƙwabciyarmu ɗora tukunya har la'asar ta isa a ji ta a Daura.

Tun ranar nake ganin abin a idona. Ofis mai kafet, fanka na juyawa a hankali, ni kuma na shigo da gyale ruwan toka, takalmina na ƙwas-ƙwas, manyan mutane su ɗago kai gaba ɗaya. A littattafai haka ake yi, kuma kullum yarinyar ce ake ɗauka.

Don Allah ki ba Malam Audu direba takalminki mai tsini da baƙar jakar nan ya taho mani da su. Kuma ki gaya mani abin da ake tambaya, ke da kika taɓa shiga.

Ki shafa mani kan Rahama.

Ƙanwarki,
Ummusalma

*

Funtuwa

Ummu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na yi murna, Allah ya sa rabonki ne. Ki gaishe da Inna da Baba.

Ga jaka nan. Takalmi ban bayar ba. Ranar bikinki da silifa ma sai da kika yi tuntuɓe a zaure, ba zan ɗauki alhakin ƙafarki ba. Ki sa mai faɗi.

Ofishin da na yi tawa intabiyun benci ne da fanka marar motsi, kuma ba wanda ya ɗago kai. Ki karya kumallo kafin ki fita. Kada ki yi wanka da turare. In an tambaye ki, ki amsa abin da aka tambaya ki yi shiru, kada ki fara tun daga ranar da aka haife ki.

Sannan ki ajiye littattafan nan. Ba za su ba ki wasiƙar masoyi ki karanta ba, sanarwa za su ba ki, sunaye jere kamar layin awo. Ki sa Faruk ya rubuta maki irinta, ya zauna a kujera ya ɗaure fuska, ki gwada a gabansa. Ai malami ne, ɗaure fuska sana'arsa ce.

Ina sauri, wata na naƙuda.

Yayarki,
Fatsuma

*

Ƙofar Marusa, Katsina

Yaya Fatsuma,

Gaisuwa da fatan alheri. Jaka ta iso, na gode. Amma ina jin da Malam Audu zan maido maki ita, don ba inda za ni.

Na bi shawararki. Ranar Asabar da yamma muka kafa intabiyu a tsakar gida. Ƙanenki ya sa babbar riga da tabarau ya zauna kan kujerar ƙarfe, Inna a damansa tana tsinkar zogale, Indo a hagu da goyo. Na yi sallama na shigo da jakarki. Ya tambayi sunana, na faɗa. Makarantar da na gama, na faɗa. Sai ya duƙa kan takarda kamar mai rubutu ya ce, "Sunan maigida?"

Yaya, sai na kama wasa da hannun jakarki.

Ya ce, "Malama, muna da mutane a waje. Sunan maigida?"

Na ce, "Ai ka san shi."

Indo ta ce, "Ranka ya daɗe, tana nufin kun yi makaranta tare." Inna ta sunkuyar da kai cikin zogale, kafaɗunta na rawa.

Sai ya miƙo sanarwar da ya rubuta. Na fara lafiya lau, har Indo na cewa wallahi kamar a akwatin rediyo. Layi na uku sai ga wani Alhaji mai sunan Baba yana taya kansila murna. Na ce, "Alhaji... mai sunan Baba." Na ƙara gaba, sai ga wani mai sunan shi ƙanen naki. Na ce, "Malam Wane." Indo ta kwanta a ƙasa don dariya, goyon ya farka yana kuka.

Ban taɓa lura ba sai ranar. Ashe duk karatun da nake yi wa mata haka nake yi. Akwai littafin da saurayin ciki sunansu ɗaya da ƙanenki, na karance shi kaf ina cewa Wane, har Furera mai kitso ta ce ita fa in ta haifi namiji Wane za ta sa mashi. A tsakar gida abin dariya ne. Amma mutum ya kai sanarwa don a ji sunansa, in ce mashi Wane? Kuma sunayen nan biyu ba unguwar da babu su a Katsina.

To in faɗa kuma fa? Baba ba ya rabuwa da akwatin rediyonsa, har masallaci sai an ce ya kashe. Ya zauna a dakali cikin abokansa, ya ji matar ɗansa ta kama sunansa gatsal, duk gari na ji? Da wane ido zan kai mashi fura?

Ƙanenki ya yi dariya da farko. Da kowa ya watse ya cire tabarau ya ce, "Ni dai da so samu ne, da na ji yadda nawa yake fita a bakinki, ko sau ɗaya." Ban iya kallonsa ba. 'Yan matan littafi suna kiran sunan nasu kamar suna shan ruwa, ni shekara biyu ko a zuci sai na waiga.

Ina son aikin nan, Yaya. Ban san ina son shi haka ba sai yanzu.

Ƙanwarki,
Ummusalma

*

Funtuwa

Ummu,

Salamu alaikum. Na karanta takardarki a ɗakin hutu, na yi dariya har sista ta leƙo.

Kada ki kuskura ki maido jakar nan.

Faruk. Maitama. Kin ga na rubuta, rufin asibiti bai faɗo ba. Amma na sani, ba mijina ba ne, ba surukina ba. Ni ma Abban yara har gobe Abban yara ne, kada ki ce ina maki wa'azi.

Kin tuna randar Gwaggo da muke zura kai ciki muna ihu don mu ji muryarmu ta yi girma? Ki nemi randa marar ruwa, lokacin da gida ba kowa. Ki zura kai ki faɗa mata. Randa ba ta kai gulma. Ki yi ta yi har harshenki ya saba. Maganar Baba kuma ki bari sai kin samu aikin tukuna, kada ki yi kukan abin da bai zo ba.

Ki ci abinci.

Fatsuma

*

Ƙofar Marusa, Katsina
Yuli, 1999

Yaya Fatsuma,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kowa lafiya. Kin ce randa ba ta kai gulma. To taki ce ba ta kaiwa, tamu har shela take yi.

Akwai tsohuwar randa bayan ɗakin girki. Da hantsi, Inna ta tafi barka, ƙanenki yana makaranta, Baba kuma na san yana kasuwa. Na durƙusa na zura kai. Da farko raɗa na yi. Sai na ji muryar ta dawo mani da kauri, irin ta rediyo sak, daɗi ya kama ni. Na gyara murya na ce, "Jama'a masu saurare, ga sanarwa daga Alhaji..." na kuwa saki sunan Baba da ƙarfi.

Sai na ji daga bayana an ce, "Na'am?"

Yaya, ashe mantuwa ya yi ya dawo. Yana tsaye da buta a hannu. Ni kuma kaina cikin randa. Na rantse maki na yi niyyar in ƙarasa shiga gaba ɗaya a rufe da faifai.

Ban fito ba sai da na ji sallamar Inna. Na miƙe, goshina duk toka, na tsuguna a gefe. Kin san Baba bai cika yi mani magana kai tsaye ba. Ya juya wajen Inna kamar ba na wurin, ya ce, "Dije, mi ke damun ɗiyar nan?" Inna ta kwashe duka ta gaya mashi, har da Malam Wane.

Ya kaɗa butar. Can ya ce, "Ki gaya mata ni ɗazu ba muryar ɗiyata na ji ba, rediyo na ji. Rediyo kuwa ba ta da suruki. In ta dawo gida ta ajiye jaka, nan ne nake Baba." Har ya kai ƙofa ya juyo. "Ki kuma gaya mata ta daina haɗiye ƙarshen sunan. Masu sunan na da yawa, kada su ce daga gidana aka rage masu."

Inna ta ce, "To kin ji." Ni dai kuka nake ina dariya.

Jiya aka yi intabiyun. Gaskiyarki, ba kafet. Maza biyu da wata Hajiya mai tabarau, da makirfo a kan tebur. Na sa takalmi mai faɗi, na kuma sha koko. Aka ba ni sanarwa mai sunaye cike da shafi. Kin san abin haushi? Ko ɗaya daga cikin sunayen nan biyu babu! Na karance tas, Hajiyar ta ɗago kai. Ita kaɗai ce ta ɗago, amma ta ɗago.

Har na miƙe, sai ɗaya daga cikin mazan ya ce, "Af, sunan maigida?"

Na kalli makirfon nan, na ce a raina ai randa ce ƙarama. Na faɗa. Duka biyun, nasa da na Baba, ban haɗiye ko harafi ba.

Ƙanenki na jirana kan babur a inuwar bedi. Na ba shi labari tun kafin in hau. Ya ce, "Kin faɗa?" Na ce na faɗa. Ya ce, "To maimaita." Na ce ai nan ba makirfo. Ya tada babur yana mita, wai baƙi uku sun ji, shi mai sunan bai ji ba. Har Ƙofar Kaura yana yi.

An ce za a liƙa sunaye mako mai zuwa. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Ummusalma

*

Ƙofar Marusa, Katsina

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, Malam Audu na jira.

An ɗauke ni! An fara gwada ni a filin gaishe-gaishe na ranar Juma'a. Cikin katunan da aka miƙo mani, na biyar daga Ƙofar Marusa yake, da rubutun da na sani: Faruk Maitama yana gaida mai karanta wannan kati.

Na karanta. Indo ta ce har Baba ya ƙara wa rediyonsa murya.

A gida dai har yanzu ƙanenki ne. Shi kuwa ya sayo katin gaisuwa bandir guda ya ɓoye a ƙarƙashin katifa, yana tsammanin ban gani ba.

Jakar na riƙe.

Taki,
Ummusalma