Tukunyar da Kika Huda

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwarta, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin rahamar Ubangiji, a makwanci mai sanyi da yalwa. 'Yarki ce Ramatu, daga unguwar Trikania. Na san ko da kina raye ba kya karanta boko, kuma da kin ji cewa a waya na rubuta har mutane suna leƙawa, da kin riƙe haɓa kin ce na kai maganar ɗaki kasuwa. Ki yi haƙuri. Ba ni da wanda zan gaya wa, shi ya sa nake gaya wa kowa.

Inna, ina da ciki, ya shiga wata tara. Masu hoton ciki sun ce mace ce. Tana da ƙafa kamar taki, ba ta zama wuri ɗaya.

Ranar Litinin na je awo, aka ce jinina ya hau. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta zaunar da ni ta ce ba za a jira naƙuda ta zo da kanta ba, zuwa Alhamis ya kamata a rabu. Ta ba ni hanya biyu. Ko a kwantar da ni a sa mini maganin tayar da naƙuda, su zuba mini ido har in haihu da kaina, in abin ya ƙi su shiga da ni ɗakin tiyata da gaggawa. Ko kuma a sa sunana cikin waɗanda za a yi wa aiki ranar Alhamis da safe, a ciro ta kafin in ji ko ciwon mara. Ta ce mata da yawa an tayar musu da naƙuda sun haihu lafiya, aikin kuma yana da nasa ciwon da nasa haɗarin, ba ta ɓoye mini komai ba. Ta duba katina, ta karanta abin da ya faru a haihuwata ta fari, ta ce saboda shi ne ba za ta tilasta mini ko ɗaya ba. In je gida in yi shawara da mutanena.

Na kusa yin dariya a gabanta. Waɗanne mutane?

Surukinki Isuhu yana Legas, tirelarsa tana layin ɗaukar kaya kwana tara ke nan, in ya bar layin ya bar aikin. Na kira shi ina tsaye a bakin asibiti, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce duk wanda na ga ya fi shi ma ya yarda. Da zuciya ɗaya ya faɗa, na sani. Amma wallahi Inna, da ya daka mini tsawa ya ce ga abin da zan yi, da ya fi mini sauƙi. Na hau keke na dawo gida, na zauna bakin gado da mayafina a jiki har aka kira la'asar. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Ke ce kika saba mini da haka. Ke kika zaɓa mini atamfar kowace salla, ke kika zaɓa mini makaranta, ko kitso na je yi sai kin aika an gaya wa mai kitson irin wanda za ta yi. Ina ta ƙunƙuni a lokacin. Yanzu ga shi an miƙo mini zaɓi mafi girma a rayuwata, ina ta waige-waige ina neman mai yi mini katsalandan.

Na san abin da Innar da na taso a hannunta za ta ce. A duk layinmu na unguwar Nasarawa babu macen da za ta haihu ba a aiko kiranki wankan jego ba, musulma ce ko kirista. Ni ce mai ɗauko miki ganyen darbejiya, ni ce mai hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunyarki ta dalma, wadda mutum biyu suke kamawa. Kina tsoma ganyen a tafasasshen ruwa kina jibga wa maijego, tana ihu, kina yi mata dariya. Idan kuwa aka ce wance aiki aka yi mata, ba za a yi mata wankan ba saboda ɗinki, sai ki taɓe baki ki ce, “'Yan buɗe-a-ɗauko ke nan, an hutar da ni.” Ina taya ki dariya, har da riƙe ciki.

Kin haife mu mu biyar a ɗaki, ke kaɗai, kuma kina alfahari da cewa ko kazar gidan ba ta ji muryarki ba. Na taso ina so in zama ke. Babu abin da nake jira kamar ranar da za a ɗora tukunyar nan domin ni.

An ɗora ta, Inna. Kin san yadda aka ɗora ta.

Shekara huɗu ke nan. Na zo gidanki goyon ciki, naƙuda ta taso mini ranar Alhamis da yamma. Kika shimfiɗa mini tabarma, kika ba ni rubutu na sha, kika ce, “Ciji zaninki, Ramatu, ba a jin muryar 'yata a waje.” Na cije. Juma'a ta zo ta wuce ina durƙushe. Maƙwabciyarki Maman Blessing, mai sayar da doya, ta shigo sau biyu ta ce a kai yarinyar nan asibiti, kika ce haihuwar fari ce, haka take, in dai aka je yanka ta za su yi. Ni ma na girgiza mata kai, don kada in ba ki kunya. Sai da hantsin Asabar na ji cikina ya yi shiru, sannan kika fita da kanki ba ko mayafi kika tsayar da keke.

Namiji ne. A asibitin ya fito, ba a yanka ni ba, kamar yadda muka so. Bai yi kuka ba.

Ba mu taɓa yin maganar nan ba, ni da ke. Kika mai da ni gida kika ɗora tukunya, kika yi mini wanka kwana arba'in cur, safe da yamma, ba jariri a kan gado. Ba ki yi mini dariya ba ko sau ɗaya, ni kuma ban yi ihu ba. Kina dama mini kunun kanwa ki ajiye a gefena ki fita. Ina jin haushinki, Inna, bari in faɗa yau. Ina kallon bayanki kina fita ina cewa a raina, ki juyo ki ce wani abu mana. Ba ki juyo ba.

Ranar da zan koma ɗakina, ina ɗaure kaya na ji ƙara a bayan gida, ƙwam, ƙwam, ƙwam, an daɗe ana yi. Da na leƙa na gan ki kin kife tukunyar, kin ɗora ƙusa kina bugawa da dutse. Washegari aka ce kin cika ta da ƙasa kin shuka na'ana'a. Na ce a raina, ji tsohuwar nan, ɗana ya mutu ita shayi ne a gabanta. Daga nan na rage zuwa. In na zo ma a tsaye nake gaishe ki, in ce keke yana jirana. Shekara ɗaya da rabi muna haka, Allah ya ɗauke ki ranar wata Lahadi ina Kakau wajen biki, ban same ki da rai ba.

Da aka zo rabon kayanki babu wanda ya kalli tukunyar. Na sa aka ɗoro mini ita a keke da ƙasarta da komai, na ajiye ta bakin ƙofata. Ban san dalili ba. Ina zuba mata ruwa kullum, ina hararar ta.

Jiya Talata Yaya Asabe, yayar Isuhu, ta zo. Labari ya kai mata. Ta ce a danginsu ba a taɓa yanka mace ba, kuma 'yar Inna mai wankan jego ce za a ce ta kasa? In daure a sa mini maganin in haihu kamar kowace mace, ita da kanta za ta zo ta yi mini wanka. Ta nuna tukunyarki ta ce a zubar da ciyawar nan, a kai wa masu walda na Kakuri su liƙe gindin, a yi wa jikarki wanka a cikin kayan kakarta.

Maganar ta shige ni, ba zan yi miki ƙarya ba. Na ga hayaƙin, na ji ƙamshin darbejiya, na ga kaina ina ihu a bayan gida da jaririya tana kuka a ɗaki, yadda ya kamata a ce ya faru tun farko. Na ce ko wannan ce damar da zan gyara abin da ya lalace. Har na ɗauki waya zan kira asibiti in ce a tayar da naƙudar.

Yau da safe Maman Blessing ta zo duba ni. Tun rasuwarki ba ta yin sati biyu ba ta leƙo ni ba, ta tsufa, gwiwa ta dame ta, amma sai ta tako daga Nasarawa da doya ɗaya a leda. Na roƙe ta ta kama mini mu karkata tukunyar in ga ko za ta liƙu. Ta ce in matsa da wannan cikin, ita kaɗai ta yi ta fama har ta jingina ta da bango.

Inna, shekara biyu da rabi tukunyar nan tana ƙofata ban taɓa ganin gindinta ba. Wanda yake son shuka, huji uku ko huɗu yake yi don ruwa ya wuce. Ke kin mai da gindin nan kamar rariya. Babu wurin da za a ɗora yatsa biyu ba a taɓa huji ba, tun daga tsakiya har gefe, wasu a kan wasu. Maman Blessing ta shafa da tafin hannunta ta ce babu mai waldar da zai iya wannan. Ta ce sati guda kika yi hannunki a kumbure bayan ranar, ita take ɗaura miki ɗankwali, kuma daga ranar duk wadda aka aiko kiranki wajen naƙudarta, amsarki ɗaya ce, “Ku nemi keke.”

Na zauna a dandamali na yi kukan da na hana kaina shekara huɗu, da murya, har matan gidan suka fito. Ashe kin juyo, Inna. Ashe kin yi maganar da nake jira, da dutse da ƙusa kika yi ta, ni ce ina ɗaure kaya ban saurara ba. Na bar ki shekara ɗaya da rabi kina zuba wa na'ana'a ruwa ke kaɗai, kina jiran 'yarki ta zauna ko na minti biyar.

Na kira likitar da azahar. Na ce a sa sunana a aikin gobe.

Ba don maganin naƙudar mugun abu ba ne. Wata da muke awo tare an sa mata da safe, kafin la'asar ta rungumi ɗanta. Wataƙila ni ma da haka zai kasance. Amma na san kaina. Ba zan iya sake kwanciya ina ƙirga sa'o'i, hannuna a kan ciki, ina sauraron ko ta yi shiru ba. Na taɓa zaɓar a ce da ni jaruma, na dawo gida da zanen goyo a ninke. Wannan karon su kira ni duk abin da suka ga dama.

Don haka ki shirya, 'yarki za ta shiga sahun 'yan buɗe-a-ɗauko. An hutar da ke.

Ina jin tsoro, Inna. Na je asibitin na sa hannu a takardar amincewa da aikin da kaina, Isuhu ya ba da yardarsa ta waya, ya ce zai bar motar a hannun wani ya kamo hanya, amma ba lalle ya iso kafin a shiga da ni ba. Yaya Asabe ta yi fushi, ban sani ba ko za ta zo. Maman Blessing ce za ta riƙe mini jaka a bakin ƙofa, ta ce za ta yi irin tata addu'ar, ni in yi tawa. Na ninke kayan jaririyar sau uku yau don in sami abin yi. Gidan ya yi shiru, kuma ke nake so.

Na yafe miki. Ban faɗa ba kina da rai, ina faɗa yanzu a gaban duk mai karantawa. Ni ma na girgiza kai ranar, ba ke kaɗai kika ɗauki wannan kayan ba. Ke ma ki yafe mini gaisuwar tsaye.

Idan Allah ya sa muka fito mu biyu, sunanki za ta ci, kuma ranar suna da na'ana'arki za a dafa shayi. Idan ta girma ta tambaye ni me ya sa tukunyar kakarta take yoyo, zan kifa mata ita ta gani da idonta. Idan kuma Allah ya ƙaddara wani abu dabam, to ki matsa mini a tabarma, wannan karon zama zan yi.

Ya Allah ka jiƙan Inna, ka haskaka kabarinta, ka karɓi nadamarta da duk ruwan da ta dafa wa 'ya'yan mutane. Ka haɗa ta da jikanta da bai yi kuka ba. Ka ba likitocin gobe sa'a a hannunsu, ka raba ni da wannan ciki lafiya, ka jiyar da ni kukan 'yata. Amin.

'Yarki mai taurin kai irin naki,
Ramatu.
Trikania, ranar Laraba bayan la'asar.