Na bar ƙafar gado, yanzu an ce ban iya shugabanci ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don Allah a ɓoye sunana. Shawararku nake nema, domin kwana huɗu ke nan gabana bai daina faɗuwa ba.

Ni likita ce, ina aiki a sashen gaggawa na wani asibiti a yankinmu na Kura da Bunkure, nan aka haife ni, babana manomin rani ne. A sashen muna da shirin horar da ma'aikatan lafiya na ƙauyuka yadda ake ceto rai, kuma ni nake koyar da mafi yawan darasin. Tun da aka fara shirin ba a taɓa ba mace shugabancinsa ba, sai dai mataimakiya. Bana kujerar ta zama babu kowa, na yi ƙundunbala na saka sunana, Dakta Nura ma ya saka, wanda na riga shi fara aiki da shekara uku. Ba sunansa ba ne, na canza.

Akwai ƙa'idar da muke koyarwa. Idan aka kawo mutum rai a hannun Allah, wanda ke jagoranci yakan tsaya a ƙafar gado, ba ya taɓa komai, idonsa na kan kowa, shi ne mai ba da umarni. Na maimaita wannan a aji har an gaji da ni.

Ranar Talata da hantsi aka kawo wani manomi a bayan babur, ya yi feshin tumatir iska na kaɗo maganin a kansa. Gumi da yawu sun jiƙa rigarsa, ƙirjinsa na gurnani, 'yan uwansa har sun ɗura masa nono a hanya wai ya karya gubar. Na tsaya a ƙafar gado, na sa aka cire masa kaya aka wanke shi, na ce wa Malam Isa, ɗaya daga cikin ɗalibanmu, ya yi masa allurar da ke karya gubar. Dattijo ne, sa'an kawuna. Ya yi ta farko. Bayan minti biyar ƙirjin bai bushe ba, na ce ya ninka. Sai ya dube ni, ya ce, “Sista, bai yi yawa ba? Bari in ji ta bakin likita.” Ya ajiye sirinji ya fita neman Dakta Nura.

Leɓen mutumin ya fara yin baƙi, sauran ɗaliban kuma ƙofa suke kallo, ba ni ba. Na bar wurina na ɗauki sirinjin na yi allurar da hannuna, na sake yi, har numfashinsa ya daidaita. Da Dakta Nura ya iso, abin da na faɗa shi ya faɗa, sai ga kowa yana gudu yana aikatawa. Mutumin ya rayu, alhamdulillah.

Washegari shugaban asibiti ya kira ni ofishinsa. Na zata Malam Isa za a yi wa magana. A'a, cewa ya yi labari ya zo masa na ruɗe na bar ƙafar gado, na karya ƙa'idar da ni nake koyarwa. Na yi masa bayani, ya saurara da kyau, sannan ya ce ai abin da yake gudu ke nan, mutanenmu ba su saba karɓar umarnin mace ba, kuma sashen gaggawa ba wurin gwaji ba ne. Ya ce in janye sunana kafin intabiyu ranar Litinin, zai tabbatar na zama mataimakiya. Malam Isa kuwa ya zo ya ba ni haƙuri har yana rusunawa, ya ce shi bai raina ni ba, kawai ya ga gara namiji ya duba.

Ga tsorona, jama'a. Idan na nace aka ba ni, wata rana wani ya sake fita neman “likita” alhali ina tsaye, rai ya salwanta, ni za a nuna, kuma ba za a ƙara ba wata mace ba. Idan na janye, waɗannan ɗaliban za su koma ƙauyukansu da darasin da suka gani da idonsu, cewa maganar mace sai an tabbatar. A asibitocin da za su koma kuwa, sau da yawa ungozoma ko nas mace ce kaɗai ta san abin yi.

Na je gida jiya don in gaya wa Baba, na tarar da shi a bakin kanal ɗin ban ruwa yana haɗa magani a tankin feshi, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, ga shi ya haura sittin. Na fasa gaya masa, ina ta tunanin wa zai tsaya a ƙafar gadonsa, kuma ko za a ji maganarsa.

Don Allah ku ba ni shawara, musamman 'yan uwana mata da ke aikin asibiti. In janye ko in shiga ranar Litinin? Takardar janyewar tana cikin jakata, na rubuta, hannu ne kawai ban sa ba.