Gambar da Giredarku Ta Tuge a Gonarmu

Zuwa ga Alhaji, shugaban kulob ɗin da ya yi atisaye a gonarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ne Haruna, manomin nan na ƙasar Ungogo da ke kawo wa 'yan wasanka ruwan sha a jarka. Na je ofishinku na tarar ya koma shagon siminti, lambarka kuma ba ta shiga. Dole ce ta sa na kawo maganar bainar jama'a.

Ranka ya daɗe, shekarar da kulob ɗinka ya hau rukuni na biyu na ƙasa, ba na jin akwai wanda ya kai ni murna. Bayan mun cire dawa ka zo da kanka neman aron fili na rani ɗaya. Gonata ba ta isa ba sai an haɗa da ta yayana Sale. Asali gona ɗaya ce ta mahaifinmu, da aka raba mana gado dattawa suka dasa layin gamba a tsakani. Yaya Sale ba ruwansa da ƙwallo. Ni na yi ta zarya gidansa har ya yarda, tunda aron gona da rani ba abin hanawa ba ne a wajenmu, ko Fulani muna bari su sauka da shanu. Sharaɗin kowa ya san shi: a mayar da ita yadda aka same ta kafin ruwan shuka.

Amma abu uku kuka yi mana. Na farko, ranar kasuwa ina can wajen sayar da akuya, ka kawo gireda. Ta baje kunyoyi, ta tuge gambar kaf, har da kututturen ɗorawar da ke kusurwa. Kana tsaye a wurin, kai ka nuna wa direba da hannunka. Da na dawo na kama kai, sai ka dafa kafaɗata ka ce ai ciyawa ce. Ciyawa! Haba Alhaji, kai ma a ƙauye aka haife ka, ka san gambar da ke tsakanin gona biyu ba a taɓa ta.

Na biyu, aka yi ta ɗage wasannin gasar har ruwa ya sauka kuna nan. Maƙwabta suna shuka, ku kuna buga ƙwallo. Da wurin ya yi caɓi kuka zuba marmara tifa-tifa, kuka binne takin da muka yi shekaru muna kaiwa a jaki. Bana na ɗaura shanun huɗa, garma ta ƙi shiga.

Na uku shi ne ya fi cin raina. Kuka sha kashi a wasannin ƙarshe, kuka faɗo ƙasa, kuka kwashe raga da turaku ba ko sallama. Muka wayi gari da fili fetal, babu mai iya cewa nan ne nawa ya tsaya. Dattawan da suka yi rabon duk sun rasu. Dillalan fuloti suka fara shawagi, wani ya raɗa wa Yaya Sale cewa ni na sa aka tuge gambar don in shiga gonarsa in sayar. Ya kuwa yarda. Me zai hana shi yarda? Ni na kawo ku.

Yayan nan nawa shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya yi mini aure. Aka wayi gari in na shiga masallaci sai ya sake sahu. Matanmu sun daina aika wa juna tuwo. Dagaci ya zaunar da mu na rantse, yayana ko kallona bai yi ba. Yanzu hawan jini ya kayar da shi, ɓari ɗaya ya shanye. Na je dubiya, ɗansa ya tare ni a zaure ya ce in koma. Wallahi Alhaji, da girmana na tsaya a bakin ƙofar nan ina hawaye.

Ba diyya nake nema ba. Marmarar in kun iya ku kwashe, in ba ku iya ba na bar ku da Allah. Iyaka kuwa, dagaci ya ja igiya duk inda ya ga dama, na yarda.

Roƙona ɗaya ne. Ka zo ka zauna a gefen tabarmar yayana, ka faɗa masa da bakinka wanda ya ba direban nan umarni, da kuma inda nake a ranar. Ni ba zai saurare ni ba, amma kai zai ji ka. Har yanzu yana gane mutane, kunnensa kuma yana ji. Jiya dai an ce ya daina karɓar koko.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba ka da haƙƙin mutane, ya sa ka iso ka same shi.

Wassalam.

Haruna, ƙanin Sale,
daga ƙasar Ungogo.