Man Kaushin Mama Ya Gyara Jita

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Mama da gwiwarta? Ina maigidanki da yara? Ni lafiyata ƙalau, har yanzu ina kaɗa jita a otal ɗin nan.

Saura ƙiris a sallame ni. Jitata tana da ɗan ƙarfe da ake dannawa sauti ya yi rawa. Ana tsakiyar waƙa na danna, tsirkiyoyin suka maƙale a ramukansu na wuyan jitar, saiti ya kwance, sauti ya fito kamar an taka akuya. Shugabanmu ya ce in na sake, in kama gabana.

Maganaɗisun da ke ɗaukar sauti kuma, da an kunna fitilun zauren sai ya hau gurnani kamar tsohon firji. Na ba mai gyara rigar sanyina a madadin kuɗi, ya saka mini mai tagwaye, wanda ba ya gurnani. Kada ki damu, jakar jitar tana da soso, tana rufe ni har gwiwa.

Maƙalewar kuwa, man kaushin da Mama ta ba ni na shafa a ramukan. Wallahi tun ranar saiti bai goce ba! Sauran makaɗa suka yi ta lakata har kwalbar ta ƙare. Dunduniyata ta tsage, amma wa yake kallon ƙafar makaɗi?

Don Allah ki aiko da wata kwalbar. In Mama ta tambaya ko man ya yi aiki, ki rantse mata ya yi. Kada ki ƙara komai.

Allah ya haɗa fuskokinmu.
Ƙaninki