Jirgi Har Rijeka, Sannan Bas

Drahomira, matata, furen tuffar da ke riga kowa buɗewa a bayan gida, ruwan sanyi ranar tsinkar inabi, abokiyar faɗana ta shekara talatin da takwas,

Yau kwana tara ke nan kina Olomouc wajen yayarki Otilie. Gida lafiya. Ina ba tumatirinki ruwa, ina cin burodi da cuku a tsaye. Taswirar da muka yi faɗa a kanta tana kan tebur yadda kika bar ta, da garuruwan da kika zagaye da jan biro: Vienna, Budapest, Zagreb, Rijeka, Trieste.

Na zauna na duba maganar da sanyin rai, kuma ke ce da gaskiya. A jirgin ƙasa mutum yana miƙe ƙafa, ya tashi ya taka, ya je ya sha kofi, a sauke shi a tsakiyar gari. Bas kuwa sai ya naɗe ki awa biyar a kujera ɗaya, ya ajiye ki can bayan gari kusa da gidan mai. Gwiwarki ta hagu ba za ta yafe mini ba. Wa ya fi ni sanin haka? Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa masu yawon buɗe ido a kan hanyoyin nan, na ga yadda tsofaffi suke saukowa suna dafa ƙofa.

Ranar da za ki tafi kin ce mini, kina rufe jaka: "Vendelin, da bas aka ɗaura maka aure, ni 'yar rakiya ce. Je ka tasha ta dafa maka abinci." Na ce miki ko ba komai bas ba ya mita. Ban kyauta ba.

Ga abin da na ɓoye miki. A watan Maris, ranar da na ce zan je canza tabarau, likitar ido ta riƙe ni awa biyu. Tsakiyar ganina ce ke mutuwa. Idon dama ya yi nisa, na hagu yana bin sa. Ta ce, "Duk abin da kake son gani, ka gan shi bana." Shi ya sa na daina taɓa motarmu na ce miki kafaɗa ce ke damuna. Shi ya sa kuma kika ga rubutun nan manya-manya.

Jirgi ta gefe yake nuna wa mutum duniya, tana wucewa. Ganin gefe kuwa, in ji likita, zai zauna tare da ni har in mutu. Abin da ke gabana ne zai tafi. A bas ne kaɗai ake zama a fuskanci hanya tana tahowa. Ita nake so in ƙara gani, na rasa bakin faɗa, sai na tsaya ina miki gardamar tikiti kamar wani ɗan kamasho.

Kin tuna shekarar da aka buɗe iyakar ƙasarmu, da na ɗauke ki a 'yar kujerar da ke kusa da direba? Ba ki taɓa ganin teku ba. Muka gangaro Trieste, duwatsu suka janye, sai ga shi shimfiɗe yana walƙiya har ƙarshen ido. Kika ɗora hannu a wuyana kika ce, "Rage gudu mana, malam, wa ya koro ka?" Fasinja arba'in a bayana, na rage. Hannun nan ya fi mini ranar bazara ɗumi, kuma har yau in na rufe ido ina jin inda ya sauka.

Na sayi tikitin jirgi daga nan Brno har Rijeka, kujeru masu tebur, taki a bakin taga. Za mu tashi ranar sha huɗu da safe. Abu ɗaya nake roƙo: daga Rijeka zuwa Trieste mu hau bas, kujerar gaba, tafiyar kamar awa biyu. In gwiwa ta ƙi, a bar shi, ba zan sake tayar da maganar ba.

Amma ki dawo, kada ki jira sai ranar tafiya. Hanya da teku zan iya haƙura da su. Fuskarki ma cikin abubuwan da ake kallo ta gaba take, kuma likita ba ta ce mini ga iya kwanakin da suka rage ba. Ki zo ki zauna a ɗaya ɓangaren teburin, ki yi mini faɗan ɓoyewar da na yi, iya son ranki. Ba zan ce komai ba. Kallonki zan yi.

Naki ne ni, da ido ko babu, muddin ina numfashi,

Vendelin