Jan Tumatir a Jakar Litinin

Lahadi

Baban Gimbiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, kuma ciwon bayan nan ya sake ka. Mu lafiya lau, sai kewarka. Na haɗa maka wankinka da sabulu da man zafi a jaka, direban kamfani zai ɗauka gobe da safe kamar kullum. Allah ya sa ku gama gina hanyar nan ku fito daga dajin da ko sabis ɗin waya babu.

Lambun 'yarka ya kankama. Tumatir bakwai a bayan kicin, ga alayyafo, ga kuɓewa a tsofaffin bokitai. Kullum kafin ta tafi makaranta sai ta ƙirga 'ya'yan, ta yi musu faɗa don sun ƙi nuna. Ta rantse na farkon da ya yi ja naka ne, ni ko ƙamshinsa ba zan ji ba.

Amma mun yi baƙuwa. Wata gafiya ta haƙo rami ta ƙarƙashin katanga. Ranar Alhamis da safe na ganta, ta kusa kai mage girma, ta tsaya tana kallona kamar ni na shigo mata gida. Na yar da buta na ruga ɗaki, ka yi dariyarka. Ta gama da alayyafo, ta gutsure ɗanyen tumatir huɗu. Na toshe ramin da dutse, ta buɗe wani. Maƙwabciyarmu ta ce maciji na bin irin ramin nan, ga yarinya kullum hannunta a cikin ganye. Tun da na ji haka hankalina bai kwanta ba. Ta ba ni wata dabara, yau zan gwada. Ba zan gaya wa Gimbiya ba, ka san tausayinta, sai ta ce a ƙyale dabbar Allah.

Taka,
Maman Gimbiya

Litinin da la'asar

Baban Gimbiya,

Sallama. Don Allah, don Annabi, kada ka ci tumatirin da ke cikin jakarka. Kada ka ba kowa. Akwai guba a ciki.

Ka yi haƙuri da rubutun, sauri nake. Dabarar da na ce maka ita ce maganin ɓera. Na zaɓi jan tumatir cikin na kasuwa, na huda shi ta gindi da tsinken ashana, na ɗura garin, na ajiye a ƙarƙashin shukar da ke bakin ramin bayan Gimbiya ta yi barci. Da safe na leƙa babu shi. Har hamdala na yi, wai gafiya ta ɗauka.

Ɗazu ta dawo daga makaranta tana tsalle, ta ce tana da sirri. Wai ta riga ni fita da safe, ta tarar nata ya nuna ya faɗo da kansa, ta naɗe shi a takardar littafinta, ta cusa a cikin safarka. Innalillahi! Na kama ta na wanke mata hannu har sau uku, na duba bakinta, ta rantse ko lasa ba ta yi ba, ai na Baba ne.

Na tafi ofishinku da gudu, takalmina ma ba iri ɗaya ba. Sun ce babu motar da za ta shiga sai tankar mai gobe da asuba. A tasha kuma aka ce motar haya ba ta bin hanyarku. Direban tankar zan ba wannan takardar. Na san halinka, ko a tsaye kake sai ka gatsa tumatir da ɗan gishiri. Shi ne abin da ke kashe ni.

Allah ya sa ta riga bakinka.

Matarka

Laraba

Baban Gimbiya,

Assalamu alaikum. Ina tambayar lafiyarka, kuma wallahi yau ba gaisuwar baki ba ce. Tankar ba ta dawo ba. Ban ma san wa zan ba wasiƙar nan ba, ina rubutawa ne don kada in haukace.

Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai in ruga in leƙa. Jiya na ƙona tukunya biyu. Na tambayi mai kemis ko ɗan wannan garin zai iya yi wa babban mutum illa, ya dube ni ya ce a kai shi asibiti maza. Wane asibiti a wajenku?

Ita kuwa 'yarka ba ta san komai ba. Safe da yamma tambayarta ɗaya, ko Baba ya ci, ko ya ce da daɗi. Sai in ce ban sani ba, in shige banɗaki in yi kukana. In wani abu ya same ka, da hannunta aka kai, ni kuma na shirya. Ta yaya zan dubi yarinyar nan har ta girma?

Gafiyar tana nan lafiyarta ƙalau, jiya ma ta ci kuɓewa.

Ka yafe mini.

Taka

Juma'a

Baban Gimbiya,

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, alhamdulillahi! Direban tanka ya kawo takardarka da hantsi. Da na ga rubutunka sai na zauna a ƙasa a bakin ƙofa.

Ya ba ni labarin da kai ka rage. Wai ya sami tumatirin a cikin kofi a kan tagarka, kana nuna wa duk wanda ya shigo noman 'yarka, har kun kusa yin faɗa da mai dafa muku abinci da ya ce a jefa shi a tukunya. Kai da tumatir ba ya kwana a gabanka! Ka kyauta da ka binne shi da zurfi.

Na gaya wa Gimbiya gaskiya, ban rage komai ba. Ta dubi hannuwanta, sannan ta fashe da kuka. Na rungume ta na ce laifina ne ni kaɗai, ni da na ɓoye mata abu a cikin lambunta. Sauran maganin na mayar wa mai kemis ya san yadda zai yi da shi. Mun kira mai walda ya yi wa lambun keji da ragar waya har ƙasa, mun cike ramin da siminti.

Ɗazu da yamma muka tarar ɗaya ya nuna, nata na gaske, ƙarami, gefensa ma da ɗan kore. Tare muka tsinke shi. Ta juya shi ta duba gindinsa da kyau, ta ce ba za a sa shi a jaka ba, kuma ba za a ba direba ba. Yana cikin firij a kofin shayinka. Ka nemi izini ka zo, tana so ta ga ka ci da idonta.

Taka har kullum,
Maman Gimbiya