Ni Ke Soya Man Shanun, Matata Ake Yaba Wa

Anti Halimat, don Allah ki taimaka mini da shawara. Na san wasu za su ce wannan ba matsala ba ce, amma ni ta tsaya mini a rai.

Ni magidanci ne a Orozo, sana'ata shimfiɗa tayil. Shekararmu tara da matata Muhibba, kuma alhamdu lillahi lafiya lau muke zaune. Marigayiya kakata ce ta raine ni, a gindin murhunta na koyi suyar man shanu. Duk jajibirin Sallah sai in je kasuwar Karshi in sayo ɗanyen mai wurin matan Fulani, in wanke shi da ruwan sanyi har tsamin nono ya fita, in ɗora a wuta kaɗan-kaɗan. Idan kumfa ya kwanta sai in zuba albasa, tafarnuwa, citta da kanumfari ƙwaya biyar, ba shida ba, in tace a kwalba. Ƙofa a rufe nake yi. Wallahi ina jin daɗin aikin, don ƙamshin yana tuna mini da tsohuwar.

Da aka fara ci a kan tuwon shinkafa, baƙi suka yi ta sa wa Muhibba albarka, suna zaton ita ta soya. Na ƙifta mata ido, ta karɓi yabon. Haka muka tafi shekara da shekaru.

To yanzu maƙwabciyarmu Maman Prudence, wadda ba ta taɓa mantawa da mu a rabon abincin Kirsimeti, ta roƙi Muhibba ta zo ta koya mata, saboda surukanta za su zo Kirsimeti daga Abaji. Muhibba ta ce mini ita ta gaji da karɓar yabon da ba nata ba, kuma ba za ta je ta ƙona wa baiwar Allah mai ba. Ni kuma abokaina nake ji, musamman Yamusa, wanda in ya samu abin tsokana sai ya shekara bai ajiye ba. Yaya zan yi?

Naka, Mai Tayil daga Orozo

Malam Mai Tayil, na gode da wasiƙarka. Cikin wasiƙun makon nan, taka ce kaɗai na karanta ina murmushi, domin gidan da rigimarsa ita ce wa za a yaba wa kan suya, gida ne mai albarka.

Ban raina tsoronka ba. Bakin majalisa yana da kaifi, kuma namiji yana son mutuncinsa. Sai dai ka duba, mai shayin unguwarku namiji ne, mai tsire ma haka, babu wanda ya ce sun zubar da girma. Za a yi maka dariya kwana biyu, a na uku a tambaye ka ko akwai saura.

Ka kuma duba wajen Muhibba. Shekaru tana rufa maka asiri a kan abin da ba laifi ba, duk yabon da aka yi mata nauyi ne ta ɗauka dominka. Tunda ta ce ta gaji, ka sauke mata.

Ba sai ka yi shela ba. Ku gayyaci Maman Prudence da maigidanta gidanku kafin Kirsimeti, ta zo da nata man, ka soya tana kallo, Muhibba na gefe ita ma tana koyo. Ka gargaɗe ta kada ta cika wuta, kuma kwalbar ta bushe sarai, in ba haka ba man zai yi wari kafin baƙi su iso.

Maƙwabciyar da ke tuna ku ranar bikinta ta cancanci gaskiya da miya mai daɗi. Allah Ya ƙara muku zaman lafiya, Ya jiƙan kaka, Ya sa surukan Abaji su tafi suna santi.

Anti Halimat